Yadda Ake Zaɓen Ilektif a Ajin Ƙarshe na Likitanci da Nufin Shiga Horon Ƙwarewa

Wajen ƙarshen karatun likitanci, makarantu da yawa sukan sakar wa ɗalibi 'yan makonni, wasu huɗu, wasu shida ko takwas, a ce ya je inda yake so ya koyi abin da ransa ya kwanta da shi. Shi ne ilektif. Yawancinmu hutu muka ɗauke shi. Wani ya koma garinsu ya nemi likitan da ya san babansa ya sa masa hannu a takarda, wani ya bi sunan babban asibiti don a ce ya je can.

Ni na biyun ne. Na zaɓi wani asibiti da sunansa ya cika ƙasa, na yi mako huɗu ina bin zagayen safe a bayan mutum fiye da goma sha biyar: kwansaltan, wato babban likita ƙwararre, a gaba, manyan rajistara da ƙananan rajistara, wato likitoci masu horon ƙwarewa, 'yan hausjob, wato sababbin likitoci masu aikin shekarar farko, ɗaliban gida, sannan ni baƙo a can ƙurya, ina hangen ƙafafun majinyaci ta tsakanin kafaɗun mutane. Ranar ƙarshe na miƙa littafina a sa mini hannu, babban likitan ya ɗago ya dube ni ya ce, "Kai kuma daga ina?" A wannan watan wata 'yar ajinmu tana wani ƙaramin asibiti inda likitoci ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Ta dawo ta ɗinke ciwo da hannunta, ta taya tiyatar haihuwa ba sau ɗaya ba, kuma akwai mutumin da bayan shekara uku ya rubuta mata wasiƙar shaida yana ambaton abin da ya gani da idonsa. Abin da ilektif zai bar maka ke nan idan an zo neman gurbin horon ƙwarewa, wato residansi: mutumin da ya ga aikinka, da takardar da ta tabbatar.

Mataki na farko: wace ƙofa za ka buga?

Kafin maganar sashe ko asibiti, zauna ka faɗa wa kanka gaskiya, a ina kake so ka yi residansi. Nauyin ilektif ba ɗaya ba ne a ko'ina.

A Nijeriya, tsakanin kammala digiri da shiga residansi akwai tazara. Za ka yi hausjob na wata goma sha biyu da rajistar wucin gadi ta MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista, ka sami cikakkiyar rajista, ka yi bautar ƙasa ta NYSC, ka ci jarrabawar share fage da ake kira Primaries a ɗaya daga cikin kwalejojin ƙwararru, wato ta ƙasa NPMCN da ke Ijanikin a Legas, ko na Afirka ta Yamma, WACP da WACS, sannan ka jira asibiti ya buɗe ɗaukar ma'aikata. A wannan layin ba wanda zai ba ka maki don ka yi ilektif. Amfaninsa biyu ne: ka gane fannin da za ka kashe wa kuɗin jarrabawa da shekaru biyar ko shida na rayuwarka, kuma a san fuskarka a sashen da wata rana za ka zauna gaban kwamitinsa.

A Amurka kuwa ilektif ɗin ne kusan rabin neman. Can shekara ta huɗu ta makarantar likitanci kusan duka ta zaɓi ce, kuma ɗalibai suna tsara ta ne kacokan a kan takardar neman residansi. Ga wanda ya yi karatu a waje, akwai abin da dole ya riƙe: damar taɓa majinyaci a asibitin koyarwa na Amurka a matsayin ɗalibi tana nan ne muddin ba ka karɓi digiri ba. Ranar da aka rantsar da kai, ƙofar ta rufe. Abin da ya fi saura shi ne zaman kallo, ka bi likita kana gani ba ka taɓawa, kuma wasiƙar da aka rubuta wa ɗan kallo ba ta da ƙarfin wadda aka rubuta wa wanda ya riƙe marasa lafiya.

Ingila tana tsaka-tsaki. Abin da ke buɗe ƙofar shi ne jarrabawar PLAB ta likitocin da suka yi karatu a waje da rajistar GMC, hukumar likitocin can, amma idan an zo neman gurbin ƙwarewa, ana duba tarin shaidu: binciken ingancin aiki da ka yi, abin da ka buga a mujalla, jawabin da ka gabatar a taro, koyarwa, da alamar cewa ka daɗe kana son fannin. Ilektif mai takardar shaida yana shiga wannan tarin.

Ba laifi ba ne ka riƙe ƙofa biyu a zuciya, amma taura biyu ba ta taunuwa lokaci guda. Sa ɗaya a gaba, ka tsara makonninka a kanta.

Mataki na biyu: ƙirga daga ƙarshe ka dawo baya

Ɗauki takarda, rubuta ranar da takardun nemanka za su isa hannun masu zaɓe, sai ka riƙa ja da baya.

Kalandar Amurka ba ta da wasa. Ana tura takardu ta manhajar ERAS a watan Satumba, asibitoci su fara dubawa wajen ƙarshen watan. Ganawa tana gudana daga Oktoba zuwa Janairu ko Fabrairu, yawanci ta intanet tun bayan annobar 2020. Hukumar NRMP tana sanar da sakamakon haɗa ɗalibi da asibiti ranar Juma'a ta uku ta Maris, a fara aiki wajen 1 ga Yuli. Shi ya sa ɗalibin can yake cusa duk abin da ke da nauyi a watannin Yuni, Yuli da Agusta: fannin da zai nema, da watan da zai yi aiki tamkar sabon likita yana riƙe da marasa lafiya uku ko huɗu ƙarƙashin kulawa, da zuwa baƙunci asibitin da yake kwaɗayi don su gan shi. Daga Oktoba sai ya ɗauki sassa marasa aikin dare saboda ganawa. Bayan Fabrairu, da ya miƙa jerin zaɓinsa, sai ya koma cike giɓi: ɗakin kulawa ta musamman, karanta hoto, karanta awon zuciya. Ilektif mai kyau da aka yi a Nuwamba ya koyar da kai, amma wasiƙarsa ta makara a wannan shekarar. Wasu fannoni ma suna da nasu tsarin daban. Fannin ido da na mafitsara suna fitar da sakamakonsu kafin na kowa, fannin mata da haihuwa kuma ya koma wata manhaja mai suna ResidencyCAS tun zangon 2024. Duba na fanninka tun wuri.

Ga ɗalibin Zariya ko Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, ƙirgen yana da wani ƙulli: kalandarmu ba ta tsayuwa wuri ɗaya. Yajin aikin ASUU na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma yajin likitoci masu neman ƙwarewa yakan tsayar da koyarwa a asibiti. Don haka kada ka biya kuɗin da ba a mayarwa a kan ranar da shugaban tsangaya bai sa wa hannu ba. Tambayi wurin da za ka, a rubuce, ko za a iya ɗaga maka wata idan makaranta ta motsa. Kuma kada ka manna ilektif da jarrabawar ƙarshe. Na ga wanda ya dawo daga tafiya saura mako biyu a shiga jarrabawar tiyata, ya sha da ƙyar. Ilektif ba ya gyara faɗuwa.

Idan waje za ka, fara shiri shekara guda kafin lokacin. Idan cikin gida ne, wata uku zuwa huɗu ya isa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na uku: wane fanni?

Nan ne aka fi yin kuskure, kuma nan zan fi daɗewa.

Hausjob zai ba ka wata uku-uku a manyan sassa huɗu: cututtukan manya, tiyata, yara, da mata da haihuwa. Za ka gan su har su ishe ka, za ka kwana a cikinsu. Abin da hausjob ba zai nuna maka sosai ba shi ne sauran: sa barci, hoto, ido, kunne da hanci da maƙogwaro, ƙwaƙwalwa, fata, cututtukan jini, binciken ƙwayoyin cuta da tsoka a ɗakin gwaji, lafiyar al'umma. A makaranta an wuce da kai ta cikinsu a guje, mako biyu ko uku, kana haddar abin jarrabawa. Idan a gida za ka yi residansi kuma zuciyarka tana leƙen ɗaya daga cikin waɗannan, ilektif ne kusan damarka ta ƙarshe ta zama a cikinsa kafin ka biya kuɗin Primaries. Kada ka ɓata ta a sashen da dole ma za ka koma.

Kuma akwai inda za a je ba sai an tsallaka teku ba. Mai son ƙashi ga asibitin Dala a Kano. Mai son ido ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ga asibitin ido na ECWA a Kano. Cibiyar kula da kunne ta ƙasa ma tana Kaduna. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya suna Barnawa a Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri. Mai son mata da haihuwa da yake so ya ga gyaran yoyon fitsari da idonsa, ga Babbar Ruga a Katsina. Ga asibitin yara masu cutar noma a Sakkwato, ga cibiyar horo kan tarin fuka da kuturta a Saye kusa da Zariya. Wanda ke iya tsallakawa Nijar, asibitin Galmi yana tsakiyar masu jin Hausa. A irin waɗannan wurare za ka ga cuta ɗaya sau talatin a wata, abin da a babban asibitin koyarwa sai ka yi sa'a ka ga uku.

Idan ka riga ka tsayar da fanni, to raba makonninka. Kaso mafi girma ga fannin kansa, saura ga maƙwabcinsa. Mai nufin tiyata ya ɗan zauna da masu sa barci ko masu hoto, domin likitan tiyatar da bai iya duba hoton ciki da kansa ba kullum a hannun wani yake. Mai nufin yara ya leƙa ɗakin jarirai ko sashen cututtukan jini, inda masu sikila suke. Mai nufin cututtukan manya ya nemi ɗakin wankin ƙoda ko na gaggawa.

Idan kuma kana tsakanin biyu, kada ka yi mako ɗaya nan mako ɗaya can har wuri huɗu. Mako na farko duka yana tafiya ne wajen gane inda fayil yake da sunan nas-nas. Ƙasa da mako huɗu a wuri ɗaya, da wuya wani ya san ka sanin da zai rubuta. Zaɓi wanda ka fi shakka a kansa, ka je ka gwada shi. In ka dawo ka ce "wannan ba nawa ba ne", ba ka yi asara ba, ka tsira da shekaru.

Abin da za ka je dubawa ba cututtuka masu ban mamaki ba ne. Dubi rayuwar babban rajistara, wanda ya shekara huɗu a ciki. Ƙarfe nawa yake tafiya gida? Sau nawa yake kwana a asibiti a mako? Yana dariya kuwa? Dubi aikin ranar Talata da rana, wanda ba a nunawa a fim: rubutun fayil, jiran a kawo jini, roƙon 'yan uwan majinyaci su sayo magani. Kowane fanni yana da nasa aikin gundura, kuma shi za ka yi kashi mafi yawa na rayuwarka. Tambayar ita ce wanne ne za ka iya jurewa.

Ga mai nufin Amurka akwai wani lissafi daban. Tun 26 ga Janairu 2022 sakamakon USMLE Step 1, matakin farko na jarrabawar lasisin likita ta Amurka, ya koma "ya ci" ko "ya faɗi" kawai, ba maki. Nauyi ya koma kan makin mataki na biyu, Step 2 CK, da wasiƙu da abin da ka yi a asibiti. Fannonin da suka fi ɗaukar waɗanda suka yi karatu a waje su ne cututtukan manya, likitancin iyali, yara, da makamantansu. Fata, ƙashi da tiyatar ƙwaƙwalwa kuwa ko 'yan gida suna shan wuya. In za ka kashe dala a kan wata ɗaya, kashe ta a fannin da za ka nema ɗin, a asibitin da yake da residansi a fannin, kuma jerin likitocinsa na horo ya nuna yana ɗaukar baƙi. Wannan jerin yawanci yana shafinsu, da sunan makarantar da kowa ya fito.

Mataki na huɗu: wane wuri, kuma wa zai riƙe ka?

Suna ba ya koyarwa, mutum ne yake koyarwa. Kafin ka rubuta wa kowane asibiti, nemo wanda ya yi ilektif a can bara ko bara waccan, ka kira shi. Tambaye shi ɗalibai nawa ne a rukuni ɗaya, ko kwansaltan yana zuwa da kansa ko sai a ji labarinsa, ko ana barin baƙo ya ɗauki tarihin majinyaci ya gabatar, ko ya wanke hannu ya shiga tiyata ko daga bakin ƙofa yake kallo. Minti goma na wannan hirar sun fi duk abin da aka rubuta a shafin asibitin.

In a gida kake nufin residansi, duba ko kwalejin ƙwararru ta amince wa sashen ya ba da horo, kuma cikakkiyar amincewa ce ko ta wani ɓangare. Zuwa inda kake fatan neman aiki wata rana yana da riba, amma wuƙa ce mai baki biyu. Mako huɗu ganawa ce mai tsawo. Wanda ya zo a makare sau uku, za a tuna da shi fiye da wanda bai taɓa zuwa ba.

Hanyoyin fita waje uku ne. Akwai VSLO, tsarin ƙungiyar makarantun likitanci ta Amurka AAMC, amma sai makarantarku tana cikinsa, don haka tambayi ofishin tsangaya. Akwai nema kai tsaye a shafin makarantar da ke karɓar ɗalibai baƙi. Akwai kuma musayar ɗalibai ta IFMSA, ƙungiyar ɗaliban likitanci ta duniya, ta hannun NiMSA, ta ɗaliban likitanci na Nijeriya, wadda take mako huɗu. Kamfanonin dillalai da ke sayar da "gurbi" ma suna nan, sai dai a yi hattara: da yawa ɗakin duba marasa lafiya na likita mai zaman kansa za su kai ka, ba asibitin koyarwa ba. Kafin ka biya, a rubuto maka sunan likitan, da asibitin, da abin da za a bar ka ka yi da hannunka.

Sai maganar biza, wadda ta isa ta rushe shirin gaba ɗaya. A 2025 Amurka ta tsaurara: a Yuli aka mayar da yawancin bizar ziyara ta 'yan Nijeriya ta wata uku, shiga ɗaya, a Disamba kuma aka sa Nijeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa bizar ziyara da ta karatu. Chadi da Sudan tun Yuni suka shiga jerin ƙasashen da aka dakatar da shigar mutanensu, Nijar ta bi su a Disamba. Irin waɗannan dokoki suna sauyawa, don haka halin da ake ciki a ranar da za ka nema shi ne abin dubawa, kuma tun kafin kwabo ya fita daga aljihunka. Riƙe wuri na biyu a cikin gida ko a wata ƙasar Afirka, wanda in ta ƙi can za ka faɗa masa ba tare da ka rasa watan ba.

Mataki na biyar: takardu, allurai, kuɗi

Na cikin gida ba wuya: wasiƙar gabatarwa daga shugaban tsangaya zuwa shugaban asibitin ko shugaban sashe, da amsarsu a rubuce. Kai ta da kanka in da hali, zuwa da kai ya fi aike. Saƙon da za ka fara turawa ya zama gajere: sunanka, makarantarka, ajinka, ranakun da kake so, dalilin da ya sa su ɗin ka zaɓa a jimla biyu.

Na waje ne mai jan lokaci. Za a nemi shaidar cewa kai ɗalibi ne mai kyakkyawan matsayi, da sakamakonka, da shaidar ka gama manyan sassa, da inshorar lafiya da ta kuskuren aiki, wurare da yawa a Amurka kuma sai ka ci Step 1. Abin da ya fi kama mutane shi ne allurai. Rigakafin ciwon hanta nau'in B allura uku ce a cikin wata shida, sannan a jira wata ɗaya zuwa biyu a auna jini a ga ko ta kama. Wata bakwai zuwa takwas ke nan, in ba ka taɓa yi ba. (In kana ajin asibiti ba ka yi ta ba, bar karatun nan ka je ka fara, ko ba inda za ka.) Za a nemi shaidar kariya daga ƙyanda, hangum da ƙarambau, kuma na hangum da ƙarambau ba sa cikin alluran da aka yi wa yawancinmu muna yara. Gwajin tarin fuka na fata yakan iya nuna alama ga wanda aka yi wa BCG, allurar rigakafin tarin fuka, shi ya sa gwajin jini ya fi raba gardama.

Kuɗi kuwa, rubuta komai: kuɗin nema, kuɗin makaranta, jirgi, masauki, abinci, mota. In jimlar za ta cinye abin da za ka biya jarrabawar USMLE ko PLAB da shi, jarrabawar ce gaba. Ba a shiga da wasiƙa ba tare da jarrabawa ba.

Ke kuma ƙanwata, maganar masauki ki gama ta kafin ki kai maganar tafiya gida. Iyaye sun fi saurin amincewa idan an ce ga ɗakin kwanan ɗalibai mata a cikin asibiti, ga sunan likitar da za ta riƙe ki, ga lambarta.

Mataki na shida: makonni huɗun kansu

Ranar farko ka sami wanda zai kula da kai, ka ce masa, "Ranka ya daɗe, ga abu uku da nake so in iya kafin in tafi, kuma ina so a ba ni marasa lafiya biyu ko uku su zama nawa." Daga nan ka san su fiye da kowa. Ka riga zagaye zuwa, ka duba zafin jikinsu na dare, ka karɓo sakamakon gwajinsu da ƙafarka. Ranar da kwansaltan ya tambayi sinadarin jinin mai gado na shida, kowa ya hau laluben fayil, kai ka faɗa daga kai, ranar ce ya koyi sunanka.

Gaida nas-nas da masu shara da mai ɗakin magani. Sista mai kula da ɗaki ita ce za ta kira ka idan za a yi wani abin gani da tsakar dare, kuma ita ake tambaya a ɓoye, "Yaya yaron nan yake?" In kana inda likitoci ba sa jin Hausa sosai, harshenka jari ne. Tsohuwar da ta ce wa likita "lafiya lau" za ta gaya maka ta sha jiƙo kwana biyar kafin a kawo ta.

Kada ka yi abin da ba a koya maka ba don kawai ba mai kallo. A ƙaramin asibiti za a iya miƙo maka wuƙa. "Ban taɓa yi ba, a tsaya a kaina" ba abin kunya ba ne. Tambayi inda ake ajiye maganin kariya daga HIV tun ranar farko, domin in allura ta soke ka ana so a fara shi nan take, kada ya wuce awa 72, a sha kwana 28. Da rani kuma, lokacin zazzaɓin Lassa, safar hannu ba ado ba ce. Hoton majinyaci ba ya hawa WhatsApp, ko an rufe fuska.

Riƙe littafi. Kullum da yamma rubuta abin da ka gani, abin da ka taya, abin da ka yi da kanka, ba tare da sunan majinyaci ba, a sa maka hannu duk ƙarshen mako, ba ranar tafiya ba. Sannan ka nemi ƙaramin aiki ɗaya da zai ƙare: rahoton wata cuta da ba a saba gani ba, da izinin majinyacin a rubuce, ko duba fayil hamsin a ga ko ana bin wata ƙa'ida, da amincewar sashe da kwamitin ɗa'a. Ƙarami da aka gama ya fi babba da aka bari. Irin wannan yana iya shiga mujallu kamar Annals of African Medicine ko Pan African Medical Journal, ko a gabatar da shi a taron sashe. Mujallar da ta yi maka alkawarin bugawa cikin kwana uku in ka biya, guje ta.

A tsakiyar wata ka tambaya, "Me zan gyara?" Saura mako biyu ka nuna ka ji.

Mataki na bakwai: wasiƙar

A makon ƙarshe, ido da ido, ba ta waya ba. Kuma kalmar tambayar tana da muhimmanci. Kada ka ce "za a rubuta mini wasiƙa?", kowa zai ce to. Ka ce, "Kuna ganin kun san aikina sosai har ku rubuta mini wasiƙa mai ƙarfi?" In ya yi jim, ka gode masa ka nemi wani. Wasiƙa mai layi uku da ta ce kana da ladabi da zuwa a kan lokaci illa take yi. Wanda ya gan ka kullum ya fi farfesan da ya gan ka sau biyu, in kuma za su sa hannu tare, ya fi kyau.

Ba shi takardar tarihin karatunka, da shafi ɗaya na marasa lafiyar da ka riƙe da abin da ka yi musu, don ya sami abin kamawa. A tsarin ERAS marubucin ne yake ɗora wasiƙar da kansa, ana tura har huɗu ga kowane asibiti, kuma an fi yarda da wadda ɗalibi ya yafe haƙƙin karantawa. Fannin gaggawa a can yana da nasa fom na musamman, SLOE, wanda yawanci sashen gaggawa ne yake cika shi.

Matsalarmu ita ce wasiƙa tana tsufa. Kafin ka gama hausjob da bautar ƙasa shekara biyu ta wuce, masu zaɓe kuma sun fi son ta kusa. Don haka ka roƙe shi ya rubuta yanzu da abin yake sabo a kansa, ya ajiye, in lokaci ya yi ya sabunta kwanan wata ya ƙara abin da ya biyo baya. Kafin ka bar garin ka karɓi takardar kammalawa mai kan asibitin, da ranar farawa da ta gamawa, da sunan sashe, da sa hannu da hatimi. Ɗauki hotonta da na littafinka ka tura wa kanka ta imel a daren. Bayan mako guda ka aika godiya. Daga nan duk wata biyar ko shida ka aika layi uku: na ci jarrabawar ƙarshe, na fara hausjob a wuri kaza, rahoton nan da muka fara an karɓe shi.